Mashin Mai Kai Huɗu

"Riƙe! Dogo, riƙe min!"

Jan mashin ɗin ya riga ya karkata. Injiniya ya tokare ƙasa da ƙafa ɗaya, ƙarfen na neman danne shi a tsakiyar shagon mutane. Wayarsa ce ta ja masa. Ta yi ruri daidai lokacin da ya murɗa totur, ya saki hannu ɗaya zai kashe ta, yatsa ya dangwali wurin amsawa, ta suɓuce ta faɗi kan tayil.

"Baban 'Yan-biyu? Silin nake gani. Wannan ƙarar fa?"

Matarsa ce daga gida, kuma kiran bidiyo ne.

Dogo, abokin aikinsa, ya tare mashin da ƙugu. Mai shago ya rugo ya kashe injin. Injiniya ya wafci wayar, ya jingina da farin bango, ya cika allon da fuskarsa.

"Ina shagon ne," ya ce yana haki.

"Shagon mashin ɗin? Shi ne ya yi wannan gurnanin? Kai, lallai na kamfani ne! Juya in gan shi."

"Sun hana ɗaukar hoto."

Ƙaryarsa ta farko ke nan cikin mako uku. Sauran duk gaskiya ya yi ta faɗa mata, irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni.

Kamfaninsu na haɗa lif ne ya turo su ƙasar nan kwas na wata takwas, saura biyar. In za su koma, kowa yana da akwatin katako guda ɗaya a jirgin ruwa, kyauta. Ranar da zai taso, a bakin mota, ya yi wa matarsa alkawarin nasa akwatin: mashin ɗin aikin ado zai sako mata. Shekara goma sha ɗaya tana taka tsohon keken ɗinkinta, in ɗinki ya zo wurin ado sai ta naɗe ta kai wa wasu.

Sai ya bi ta layin nan wata Asabar, ya ga jan abin nan a bayan gilashi, ya duƙar da kai kamar zai yi tunkuyi. Da yamma ya ce mata, "Na ga wani mashin, ya hana ni sukuni." Ta rangaɗa guɗa har 'yan biyu suka firgita. Bai gyara mata ba. Ta ce wane launi, ya ce ja. Ta ce yana da sauri, ya ce kamar walƙiya. Ta ce kai nawa gare shi, ya tuna silindarsa huɗu, ya ce huɗu.

"Kai huɗu!" ta ce a ranar. "Riga huɗu a lokaci ɗaya!"

Yanzu ga ta a allo, ƙura a ɗankwalinta.

"To tunda ka ƙi nuna min naka, ga nawa." Ta juya wayar. Bangon da ya raba ɗakin ɗinkinta da sito babu shi, sai tarin bulo da bokitin siminti. "Birkila ya ce mai kai huɗu ba zai shiga ba sai an fasa. Na ce fasa! Tsohon keken kuma na ba ƙanwata Auta, jiya ta zo da mota ta ɗauka. Har kuka ta yi."

"Kin ba da keken?"

"To me zan yi da jaki, doki na hanya? Ɗan abin da ya rage a kekenta zan riƙa yi. Turo min inda kake a taswira, ko sunan shagon in gani in ji daɗi."

Ya tura. Sunan da baƙaƙen ƙasar aka rubuta shi, ba za ta iya karantawa ba. Ya ji kunyar lissafin nan tun kafin ya gama shi.

"Allah ya bar min kai," ta ce, ta kashe.

Dogo na tsaye ya harɗe hannu.

"Injiniya, kai da kunya kun yi hannun riga."

"Kar ka fara."

"Na fara. Ga baƙin can." Ya nuna wani mashin na hannu a lungu, tayarsa ta ɗan ci hanya. "Mai shago ya ce ka saya ka hau wata biyar, ranar tafiya ka dawo masa da shi ya saye. Zamansa a miƙe, bayanka ba zai yi ciwo ba. Ka kashe ƙishirwarka a nan, akwati ya tafi da na ɗinki. Shi kuwa jan nan sabo ne fil, ba a sayensa don wata biyar. In ka ɗauke shi, shi zai shiga akwati. Taura biyu ba ta taunuwa."

"Na sani."

"Kuma yau ƙarfe huɗu za a rufe karɓar takardar awon kayan akwati. Abin da ka rubuta shi kafinta zai yanka wa katako."

Injiniya ya je ya hau baƙin. Lafiya lau. Ƙafafunsa biyu suka sauka ƙasa daram, hannu ya kai sitiyari ba wahala. Mashin mai hankali, irin wanda ya kamata. Duk abin da ya taɓa mallaka a duniya haka yake: firji, janareto, motar kai yara makaranta. Shekararsa arba'in da ɗaya, bai taɓa sayen abin da amfaninsa kawai shi ne bugun zuciya ba.

Ya waiga. A jikin jan tankin ya hango fuskarsa, ta miƙe ta yi tsawo kamar ta wani.

"Zan kira ta in yi mata bayani," ya ce.

"Yaushe?"

"In na samu bakin zaren."

"Zaren da ka ƙulle da hannunka?"

Injiniya ya sauka daga baƙin. Ya koma kan jan, ya kwanta a tanki, gwiwoyinsa suka shige gurbinsu kamar da shi aka auna. Ya runtse ido don ya ga buɗaɗɗen titi. Tarin bulo ya gani, da wurin da tsohon keke ya bar sawun ƙafafunsa a siminti. Ya buɗe ido da sauri.

"Kawo takardun," ya ce wa mai shago.

Rabin awa aka yi ana cike-cike. Ya sa hannu wuri uku. Ya ciro takardar awon kaya ya rubuta tsawo da faɗi, a gurbin sunan kaya ya rubuta kalma ɗaya: mashin. Dogo ya juya masa baya yana kallon hulunan kwano. Mai shago ya danƙa masa makulli yana murmushi, Injiniya ya ji shi a tafinsa kamar garwashi.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Wane ne Baban 'Yan-biyu?"

Wata uku rabonsa da jin Hausa a garin nan daga bakin da ba na Dogo ba. Wata dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya, jaka a hammata, bakin farin yadi da ƙullin zaruruwa na leƙowa.

"Ni ne, Baba."

"Yayar malamar ɗinkin matarka ce ni. Shekara ashirin ina aikin ado a garin nan, gidana bayan layin nan ne. Matarka ce ta turo min wurin nan a taswira, ta ce kar a cuci mijinta, in zo in gwada kafin ka sa hannu." Ta saka tabarau. Ta dubi layin mashinan, ta dubi hulunan kwano, ta sauke ido kan makullin da ke hannunsa. Sannan a hankali ta ɗago wayarta, allon na haske. "Ga ta ma a kan layi, tana kallo. To ɗana, ina mai kai huɗun?"