Leshin Inna Ya Shiga Jami'a

Tun da Zinariya ta fara karatun tarihin tufafi a jami'a, akwatin uwarta bai huta ba.

"Inna, malami ya ce mu kawo irin zanen da kuka yi yayi kuna 'yan mata."

Wannan sati zane, wancan sati leshi. Inna Hamsatu ba ta hanawa, tunda don ilimi ne.

Ran Asabar, a wani biki a unguwar Kirkissoye, Zinariya na tsakiyar fili tana juyi cikin tsohon leshin uwarta, sai aka dafa kafaɗarta. Inna ce, ta sha sabuwar shaddar Zinariya, wadda ko mai ita ba ta taɓa sawa ba.

"Ashe nan ce jami'ar?" in ji Inna. "Yi rawarki, 'yar nan. Ni ma kayan zamani nake karantawa."