Bututun Birkin Baba Direba

Bakanike ya ɗaga bututun sama, ya runtse ido ɗaya ya bi shi da kallo daga wannan baki zuwa wancan, sannan ya ajiye shi a kan benci.

"Wa ya miƙar da shi?"

Tela ya ce shi ne, har da ɗan alfahari a muryarsa. Abin ya zo masa a karkace kamar igiyar da akuya ta tauna, tef ɗin awo ya ƙi kwanciya a kai, sai ya ɗora shi a teburin yanka ya bi shi da gindin almakashi har ya miƙe sak. Inci hamsin da uku da rabi, ga shi nan ya rubuta a takarda.

Bakanike bai karɓi takardar ba. Ya ce tsawo ba shi ne magana ba, lanƙwasar ita ce maganar. Motar ta girme shi, babu shagon da za a samu bututun birkinta, sai dai a yanko sabo daga naɗi a kwaikwayi tsohon, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Kuma mai motar ya sauya wa bututun hanya da hannunsa lokacin da ya ƙara mata tanki na biyu. In aka yi da ka, ya gogi ƙarfe, wata shida ya huje a kan titi. Garin neman gira dai an rasa ido.

Tela ya naɗe tef ɗinsa, ya ɗauki bututun, ya kama hanyar gida.

Motar ta Baba Direba ce, maƙwabcinsa na shekara ashirin da shida. Ƙaramar bas ce mai launin ruwan toka, tana tsaye a gangaren layinsu daidai ƙofar shagon ɗinki, da dutse a gaban tayar baya saboda birkin hannunta ya daɗe da zama ado. Baba ya ciyar da 'ya'ya biyar da ita. Huɗu sun watse, saura Auta, wadda ta koyi tuƙi a cikinta kuma take sarin ƙwai tana raba wa shaguna. Ita ya yi wa alkawarin motar. Amma tun ranar da ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ya ga man birki yana ɗiga daga bututun da tsatsa ta ci, ya rantse Auta ba za ta taɓa makullin ba sai birki ya kama. Ya kwance bututun da tiyo uku na roba da suka tsattsage, yana shirin shiga kasuwa, ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ce a mai da shi gida a riƙa lallaɓawa, kowa kuma ya gane abin da ake nufi.

Haka neman ya faɗo kan Tela, mutumin da bai san injin komai ba sai na keken ɗinki. Kwana biyar yana rufe shago yana bin layin masu kayan gyaran mota da tsoffin tiyo a leda. Wani ya yi dariya, wani ya tambaye shi ko kakansa ne ya bar masa gado. A rana ta biyar wani dattijo a shagon ƙarshe ya jawo kwali daga ƙarƙashin matattun fitilu, sai ga tiyon guda uku ba a taɓa ɗaura su ba. Murnar wannan ce ta sa Tela ya ga ai bututu ma ba zai gagare shi ba.

Ya tarar da Baba a ɗakinsa an jingina shi da filo biyu, taga a buɗe yadda zai riƙa hango rufin motar. Kwalaben magani sun cika kan rediyo. Auta na zaune a bakin gado da kofin da bai sha ba. Tela ya fi son a mare shi da ya faɗi abin da ya yi, amma ya faɗa, ya kuma nuna bututun.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, Auta ta zabura ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"Mai allura, Allah ya sa ba ka yi masa guga ba."

Ya ce a je shago a ɗauko masa hangar waya guda biyu, irin waɗanda ake rataye riguna. Tela ya warware su, ya haɗa su, ya auna tsawon da tef. A nan kam awonsa ya yi rana. Baba ya ɗora wayar a kan bargo, ya rufe ido, ya fara lanƙwasawa da babban yatsa. Yana yi yana faɗin hanyar a hankali: daga tukunyar man birki a sauko, a kauce wa sitiyari, a bi jikin ƙarfen gindi, a hau bayan tanki na biyu. Hannun da ba ya iya riƙe cokali shi ne ya yi wannan aiki, da hutu sau huɗu. Da Tela ya miƙa hannu zai taya shi, Baba ya buge hannun.

Da ya gama sai ya aiki Auta ta ɗumama masa ruwa. Tana fita ya laluba ƙarƙashin filo ya zaro makullin ya danƙa wa Tela.

"In ya kama, ka ba ta. In bai kama ba, ka jefa a kwata. Kada ka ji tausayinta."

Tela ya kai wayar gareji a rungume, yana kare ta daga kafaɗun mutane. Bakanike ya juya ta, ya ce wanda ya yi wannan ya kwana ƙarƙashin motar nan fiye da kan katifarsa. Ya ce a ba shi kwana biyu.

Baba bai jira kwana biyun ba. Washegari da hantsi Tela na cikin ɗinkin wuyan wata riga ya ji Auta ta kira shi daga ƙofar gida, "Kawu," sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya ɗage ƙafarsa daga keken. Kafin la'asar an kai shi an dawo. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa jingina da motar don inuwarta, har wani ya tambayi babban ɗan marigayin ko ta sayarwa ce, masu sayen tsohon ƙarfe suna biya da kyau. Babban ɗan ya ce za a duba. Tela ya ji, ya taɓa aljihunsa inda makullin yake.

Bakanike ya zo bayan kwana huɗu da sabon bututu da gwangwanin man birki. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Tela ya tsuguna yana miƙa masa sifana, sau biyu yana ba shi wadda ba ita ba. Bututun ya zauna a mazauninsa ba tare da an ƙara masa ko lanƙwasa ɗaya ba. Daga ƙarƙashin motar Bakanike ya ce a samo wanda zai taka birki, za a fitar da iska.

Auta ce ta hau. Kujerar ta lotsa daidai jikin mahaifinta, sai da ta matso gaba ƙafarta ta kai. Bakanike na kira daga ƙasa, taka, riƙe, saki, tana bi, taya bayan taya. Da farko ƙafarta na tafiya har ƙasa ba abin da ya tare ta. A taya ta uku ta ce ya fara tauri. A ta huɗu Tela ya ga gwiwarta ta tsaya a rabin hanya.

Bakanike ya fito yana goge hannu, ya ce shi ya gama nasa, amma mota ba ta ƙarya a gangare. A cire dutsen a gani. Can ƙasan layin akwai katangar wani gida da mai gyaran takalma a gindinta, sai da aka ce masa ya ɗan matsa.

"Kawu, in ya ƙi fa?"

"Taka dai ki riƙe."

Tela ya durƙusa. Dutsen ya nutse a ƙasa, sai da ya girgiza shi da hannu biyu kafin ya fito. Motar ta yi 'yar ƙara, ta sunkuya kaɗan, ta tsaya. Ya ƙirga har ashirin a zuciyarsa, ba ta motsa ba.

Ya zagayo ta taga, ya ciro makullin ya ajiye mata a kan cinya. Auta ta kalli makullin, ta kalli tagar ɗakin mahaifinta da har yanzu take a buɗe, ba ta ɗage ƙafarta ba. Tela na tsaye a gefen motar da dutsen a hannu, ƙasa mai danshi na zuba daga gindinsa a kan takalminsa.