Sunan Teh Yuyun a Bakina

Kwantiragina a masana'antar takalman gudu zai ƙare ƙarshen wata, ga shi ina da ƙaramin ciki. A wurinmu duk 'yar kwantiragin da cikinta ya fito ba a korarta, sai dai ba a sabunta mata takarda. Ma'aikatan dindindin ne kawai ke da hutun haihuwa da katin asibiti. Mijina Kang Dadang acaɓa yake yi a garin Sukabumi, in an wuni ana ruwa mu kwana da shinkafa da gishiri.

Teh Yuyun kaɗai ta sani, wato Yaya Yuyun a harshenmu. Ita ta kawo ni aikin daga ƙauyenmu, ta girme ni sosai, kuma 'yar dindindin ce. Ranar da ta ga ina toshe hanci a teburin gam, ta ja ni gefe.

"Neng, wannan tashin zuciyar ba na ruɓaɓɓen ƙwai ba ne."

Na sunkuyar da kai.

"Koma wurina ki riƙa zura igiyar takalma. Ni zan shafa gam ɗin. Dadang ko ya iya abin da ya fi tuƙa babur."

Ta faɗa wa Bu Rohayati, wato Uwargida Rohayati, shugabar sashenmu, cewa bayanta ke ciwo, aka yarda muka yi musanya. Sai dai Teh Yuyun ba ta taɓa aikin gam ba, idonta kuma ya fara rauni. Tafin takalma suka fara ɗagowa a hannun masu dubawa.

A makon ne Bu Rohayati ta kira ni. Mataimakiyar shugabar layinmu ta bi mijinta garin Batam, ana neman wata. Muƙamin yana zuwa da falmaran ruwan ɗorawa da takardar dindindin.

"Hannunki yana da kyau, Nengsih, ba kya fashi. Amma ban taɓa jin muryarki ba. Gobe ke za ki yi taron safe. In kin iya, naki ne."

Kowace safiya kafin a kunna bel ɗin da ke jan takalma, layi yakan tsaya, mataimakiya ta ɗaga takalman da aka ƙi jiya ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunan mai laifi da ƙarfi. Wadda aka kira ta fito gaba ta ce ta gode da gyara. A allon bango an rubuta cewa mu iyali ɗaya ne, muna girma tare. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma wannan na iya karanta shi.

Da safe aka ajiye kwandon a gabana. Na duba, duk tafi ne ya ɗago. Babu laifin ɗinki, babu na igiya, babu sunan kowa sai ɗaya. An riga an yi wa Teh Yuyun gargaɗi na baki. In aka sake kiranta, takardar gargaɗi ce, kuɗin ƙwazonta na wata ya tafi.

Na ɗaga takalmin. Warin gam ya bugi hancina, yawu ya cika mini baki.

"Teh Yuyun," na ce.

"Da takalmin kike magana?" in ji Bu Rohayati. Wasu suka yi dariya. Wata daga baya ta ce, "A kawo mata lasifikar masallaci."

Na tuna kati, na tuna gadon asibiti. Na buɗe baki na kira sunan har 'yan layin kusa suka juyo. Teh Yuyun ta fito a hankali, ba ta dube ni ba.

"Na gode da gyara," ta ce.

Sau huɗu na kira ta. Da aka kunna bel na ruga banɗaki na amayar da shayin safe. Ina wanke baki Bu Rohayati ta shigo tana gyara mayafinta a madubi.

"Kin yi ƙoƙari. Tsoro ne, kowa ya yi aman nan ranar farko." Ta miƙo mini falmaran. "Jibi ki je asibitin kamfani. Awo ne kawai kafin takarda, jini da fitsari."

"Fitsari, Bu?"

"Don a tabbatar ba mai ciki ake ɗauka ba. Ke me ya dame ki?"

Na ce babu komai.

Da rana na ɗauki abincina na rasa inda zan zauna. 'Yan layi sun matsa mini wuri a benci irin yadda ake matsa wa manya. Teh Yuyun tana can ƙarshe ita kaɗai, tana ɓare busasshen gam daga yatsunta kafin ta taɓa tempe, soyayyen waken suyan da ke kwanonta. Na daɗe a tsaye, sannan na je na durƙusa kusa da ita na faɗa mata maganar awon, ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Bu Mataimakiya, ai kina da ita."

"Teh, don Allah."

Ta ci loma biyu. Ta sha ruwa.

"Wato bayan sunana, fitsarina ma kina so."

Hawaye suka zubo mini a kan falmaran. Ta dube shi, ta dubi cikina.

"Nemo ƙaramar kwalba, ki same ni jibi a banɗakin bayan kantin abinci. Ki sa ta a hammata, nas ɗin tana taɓawa ta ji ɗumi." Ta rufe kwanonta. "Jinin kuma naki za su ɗiba. Ban san me suke dubawa a ciki ba, kada ki tambaye ni."

Ƙararrawa ta buga. Ta miƙe ta koma teburin gam, ni kuma na tafi na ɗauko kwandon da za a tara takalman taron gobe a ciki.