Dutsen Murhun Uwani

A unguwar Mansur, inda Hausawan Makka suka kakkafa ɗakunansu na gwangwanin kananzir, akwai wani mai sassaƙar dutse da ake kira Hashimu. Mutumin Kazaure ne, dogo, mai tsadar magana. In ka gaishe shi sau biyu a wuni guda, ta biyun da ka zai amsa maka. Matarsa Uwani ita ce bakin gidan. Ita ke masa hira, ita ke masa faɗa da maƙwabta, in an kwana biyu kuma ita ke zuwa ba su haƙuri. Tare suka baro gida a ƙasa, suka ci shekaru a hanya, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Da zazzaɓi ya ɗauke ta bayan an sauko daga Arfa, masu ta'aziyya suka zo suka watse, suka bar shi da shirun da ya daɗe yana so, sai ya tarar ba shi da daɗi ko kaɗan.

A maƙabartar Ma'ala aka binne ta. Dokar wurin kuwa a fili take: ba gini a kan kabari, ba suna, sai dutse guda a wajen kai. Kaburbura ga su nan reras, kowanne kamar ɗan'uwansa, kullum kuma ana ƙara sababbi. Abin da ya hana Hashimu sukuni ke nan. Ya san wata rana zai zo ya tsaya, ya rasa wanne ne nata.

Abin haushin, rubuta sunan matattu a dutse shi ne aikin da ya fi iyawa. A garin Musawwa ya koya, can gaɓar teku ta wancan ƙetaren, lokacin da suke neman guzurin tsallakowa. Wani tsohon Ɗan Italiya mai suna Batista ya ɗauke shi aiki, suna sassaƙa wa Nasara duwatsun kabari da tsohon harshen nan nasu, Latin. Hashimu bai iya karanta ko kalma ba, amma idonsa ba ya barin abu ya wuce. Wata rana ya tambayi tsohon dalilin da wani harafi yake da gindi kamar ƙwarya a takarda, in an zo kan dutse kuma sai a yi masa tsini. Batista ya ajiye guduma, don shi ma ba ya ƙin a tambaye shi. Ya ce a zamanin Rumawa U da V harafi ɗaya ne mai aiki biyu, sara biyu ne da suka haɗu a ƙasa. Masu alƙalami ne suka lanƙwasa masa gindi saboda sauri, daga baya can aka raba musu gida, kowa da aikinsa. "Amma mu masu dutse," in ji shi, "har yau ba mu yarda sun rabu ba."

Ana cikin haka Uwani ta kawo abinci. Tsohon ya sa yatsa a ƙura ya zana mata farkon sunanta irin na masu dutse. Ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Ni ce wannan? Kamar ɗan tsako ya buɗe baki yana jiran tsaba!"

Ta yi ta dariya har ta koma gida.

Wannan dariyar ce ta dawo wa Hashimu yana zaune gaban murhunta da ya huce. Ya cire ɗaya daga cikin duwatsun uku, wanda hayaƙinta ya fi baƙantawa, ya ɗauko guduma da ƙarfen sassaƙa, ya yi masa sara biyu. Da ya yi harafin Larabci, yaro ma zai gane rubutu ne. Wannan kuwa, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Garba mai haƙa kabari, haifaffen Makka wanda Hausarsa rabi Larabci ce, ya gan shi yana musanya dutsen kan kabarinta da na murhun.

"Ya ammi, baffana, in kitaba ce fa mamnu'. An hana rubutu."

"Karanta mini," in ji Hashimu.

Garba ya duƙa ya duba, ya dubi fuskar dattijon, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Tsaguwa ce. Wuta ce ta ci shi. Khalas, shi ke nan."

Tun daga nan kowace Juma'a Hashimu na can. Ya laluba sara biyun da yatsa, ya yi sallama, ya yi mata addu'a, sannan mutumin nan da sai an roƙe shi yake buɗe baki ya kama zuba mata hira: wane ya yi aure, gero ya yi wuya, akuyar Shatu maƙwabciyarsu ta sake cin tabarma. A gida kuwa murhu ya tsaya da dutse biyu, tukunya ba ta zama. Shatu ta kawo masa wani dutsen, ta ce, "Mijin Uwani, kai da duwatsu ke kwana a ƙofarka?" Ya yi godiya, ya ajiye shi bayan ɗaki, ya ci gaba da sayen wake da gurasa a bakin hanya.

Sai shekarar babban ruwa ta zo, ruwan da ya gangaro daga duwatsu ya cika kwarin Makka har ya shiga Harami. Da ya janye, Hashimu bai tsaya duba rufin ɗakinsa da ya yaye ba, ya nufi Ma'ala yana tuɓe takalmi a laka. Sashen da Uwani take ya zama fili ɗaya sumul, kamar an yi daɓe. Ya yi gabas, ya yi yamma, ya tsaya a inda yake zato, zuciyarsa ta ce ba nan ba ne. Ko'ina ya tsaya haka ta ce.

Garba ya taho rungume da dutse, ya goge lakar da hannun riga. Sara biyun na nan raɗau, ruwa bai rage musu komai ba.

"Ga naka, ya ammi."

"A ina yake?"

"Can gindin katanga. Sel, ambaliyar nan, ya tara su duka wuri guda."

"Ita fa?"

Garba ya dubi filin, ya sunkuyar da kai. "Tana nan, wallahi tana nan. Ajiye shi inda ranka ya kwanta. Addu'a ba ta ɓatan hanya."

"Addu'a ta san hanya, Garba. Hira fa? In ɗora shi kan matar wani, in zo ina ba ta labarin gidana?"

Garba ya miƙa masa dutsen. Hashimu ya yi wa mutanen da ke kwance a filin sallama gaba ɗaya, kamar baƙon da bai san kowa a cikinsu ba, ya saɓa dutsen a kafaɗa.

A gida gurbinsa na nan a murhu. Ya mayar da shi, ya ɗora tukunya, ta zauna daram. Ya hura wuta, hayaƙi ya soma bin sara biyun. Ya ɗebo ruwa ya zuba daidai yadda ya saba ganin tana zubawa, na mutum biyu. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya ɗauki moɗa ya kwashe rabi.