Kabad ɗin da Yaya Jabez Ya Ƙi Buɗewa

Tun safiyar Talata Innarmu take gargara, rai ya ƙi fita. Tana kwance a saman bene a gidan yayana Jabez, ƙirjinta na hawa yana sauka, bakinta na kiran suna ɗaya: Gideon. Sunan mahaifinmu ke nan, sunan da Yaya ya haramta mana furtawa tun ranar da muka sauka a garin nan.

Laraba da hantsi tsohuwa Yeo, mai wankan gawa a unguwarmu, ta hau ta duba ta. Ta jima tana sauraron numfashin, sannan ta juyo gare ni.

"Keziah, kun buɗe makullai kuwa?"

Ko yaron goye a yankinmu na Devon, nan Ingila, ya san wannan. Muddin akwai kwaɗo ko sakata a rufe cikin gida, mai mutuwa ba ya samun hanya. Na ce mata tun jiya ni da Dorcas, matar Yaya, muka bi gidan kaf. Ƙofar gaba, ƙofar baya, akwatin ganyen shayi, adakar tufafi, har ƙyauren lambu. Shi kansa Yaya da hannunsa ya buɗe aljihun teburin shago.

"To akwai saura," in ji tsohuwa. "Matar nan a ɗaure take. Ki je ki nemo."

Na sauko ina lissafi a zuci, sai idona ya faɗa kan dogon kabad ɗin katako na ɗakin baƙi. Sama da shekara goma yana tsaye a lungun nan ban taɓa ganin cikinsa ba, har na daina ganinsa ma. A gabansa kujerar Inna take. Nan take zama kowace Lahadi bayan coci, ta jingina bayanta, a yanka mata nama da dankali.

Bari in faɗi abin da ake ɓoyewa, don na gaji da haɗiye shi. Babanmu bai mutu a teku ba kamar yadda ake gaya wa mutane. Rataye shi aka yi a birnin Exeter ina 'yar ƙarama. Zomo ɗaya ya kama a dajin mai ƙasa, mai gadi ya tare shi, suka yi kokawa, mai gadin ya faɗi kansa ya bugi dutse. Alƙali ya ce a rataye shi, gawar kuma a ba likitoci su feɗe, kamar yadda ake yi wa mai kisa. Inna ko silin gashinsa ba ta samu ba. Yaya ya kwashe mu ya kawo mu nan inda ba a san mu ba, ya ƙirƙiro jirgin ruwa da guguwa, ya buɗe shagon shayi da sukari, har ya zama dattijon coci mai zagayawa da farantin karɓar baiko. Mutumin kirki, in ji gari.

Inna kuwa abu ɗaya ya ci ta har ya rame da ita. Takan ce, "Ranar da aka busa ƙaho, daga wane kabari Gideon zai tashi? Da na san inda suka zubar da ƙasusuwansa, da a haɓar zanena zan tsinto su, a haɗa mu rami ɗaya." Kowace Lahadi sai ta faɗa, a hankali, bayan an kwashe kwanuka. Kowace Lahadi Yaya sai ya goge baki ya ce, "Inna, ruwa ya ci shi. A bar zancen nan."

Na same shi a shago yana auna wa matar mai gidan burodi sukari. Ban jira ya gama ba.

"Yaya, makullin kabad."

"Wane kabad?"

"Kabad nawa gare ka da kake kwana da makullinsa a wuya?"

Ya yi wa matar murmushin nan nasa na coci, ya ja ni zuwa ɗakin baƙi, ya turo ƙofa.

"Ke ba ki da hankali ne? A gaban mutane? Kayan coci ne a ciki, ba na mata ba ne."

"Ban ce ina son kayan ba. Murɗa makullin kawai, ka bar ƙofar a yadda take. Inna tana shan wahala."

"Camfin tsofaffi ne wannan. Rai na hannun Allah, ba ya hannun maƙeri."

"Au, yau ne ya zama camfi? Jiya da ka buɗe aljihun tebur, wa'azi kake yi?"

Ya dafe ƙirji, daidai inda makullin yake ƙarƙashin riga. Daga sama muna jin Inna, wani irin gurnani mai tsaga zuciya, sai kuma sunan nan. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi, amma bai motsa ba.

"Yaya, uwar da ta haife ka ce fa. Kana jin ta."

"Na ce a'a, Keziah. Gidana ne."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba. Na sunkuya bakin murhu na ɗauko ƙarfen tona wuta. Ya riƙe min hannu, na fizge, na ce in ya sake taɓa ni, to kansa zan fara fasawa. Na cusa ƙarfen a tsagar ƙofar na danna da dukan ƙarfina. Katakon ya yi ƙara, kwaɗon ya ɓalle ya faɗi ƙasa, ƙofar ta wangale da kanta.

Ba kayan coci ba ne. Wani abu ne dogo rataye a ƙugiya, an lulluɓe shi da tsohon mayafin tebur. Na ja mayafin. Ƙwarangwal ne na mutum, an ɗinke gaɓoɓinsa da wayar tagulla, irin wanda likitoci ke ɓoyewa a ɗakunansu. Yana ɗan lilo saboda girgizar ƙofar. Na bi shi da kallo har zuwa hannun hagu. Yatsu uku ne. Biyun kuwa injin matse tuffa ya cinye su tun kafin a haife ni, kuma da ukun nan yake ja min kunne in na yi ƙiriniya.

"Baba ne," na ce.

Yaya ya zube a kujerar Inna. Bai musa ba. Ya ce wani tsohon likita daga Exeter ya yi ritaya ya dawo garin nan, shi kuma ya kai masa shayi wata rana, ya tarar an buɗe kabad ana nuna wa baƙi ƙasusuwan, ana ba da labarin ɓarawon zomo ana dariya. Da likitan ya mutu, sai Yaya ya lallaɓi matar likitan ta ba shi ƙwarangwal ɗin, ya shigo da shi cikin buhun sukari.

"Na ceto shi ne daga hannunsu," in ji shi. "Ki gane mana."

"Ka ceto shi ka kai shi ina? Me ya hana ka binne shi?"

"Ta yaya? Sai an kaɗa ƙararrawa. Sai limamin coci ya tambayi suna. Gari duka ya ji ni ɗan ratayayye ne? Wa zai ƙara sayen ko gishiri a hannuna? In jefa shi kogi kuma ban iya ba, ubana ne."

"Ubanka ne! Amma ka iya rataye shi karo na biyu. Tir da kai, Jabez. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Kana zaune kana yanka nama, tana roƙon Allah ya nuna mata ko ƙashi ɗaya, kai kana ce mata ruwa ya ci shi!"

Ban tsaya jin amsarsa ba. Na kama hannun nan mai yatsu uku ina kiciniyar kwance wayar, don in haura da shi in sa mata a tafi, ta taɓa shi ko sau ɗaya. Wayar ta yi tsatsa, ta ƙi. Ina cikin murɗawa na lura gidan ya yi tsit. Babu gurnani.

Dorcas ce ta sauko, ta tsaya a tsakiyar matakala.

"Ta cika," in ji ta. "Muna jin ƙarar abu ya ɓalle a ƙasa, sai ta saki numfashi, shi ke nan. Cikin sauƙi."

Cikin sauƙi! Ni ban ga sauƙi ba. Ta tafi ba ta sani ba, wannan shi ne abin da ba zan yafe ba har in bi ta.

Ban yi kuka a lokacin ba. Na ɗauki mayafina na nufi coci da rana tsaka, ranar kasuwa, na sami Hosea Tapp mai kaɗa ƙararrawa yana cin burodi da cuku a gindin hasumiya. Na ce ya buga shida na mace, don Inna. Na ce in ya gama ya buga tara.

"Tara kuma? Wane namiji ne ya mutu, 'yar nan?"

"Buga kawai, Baba Hosea. Za ka ji."

Ya buga shida, mutane suka cire huluna, don an san Inna na jinya. Da ya shiga bugun tara sai kasuwa ta tsaya. Mahauta, masu ƙwai, matar mai gidan burodi da sukarinta a hannu, duk suka taru a ƙofar coci suna tambayar wa aka rasa. Na hau dakalin cocin na faɗa musu da ƙarfi: Gideon Luscombe, mijin Inna, uban Jabez, wanda aka rataye a Exeter saboda zomo, yana nan cikin kabad a ɗakin baƙin dattijonku, duk mai so ya je ya gani.

Limamin ya ce ba a binne mai kisa a maƙabartar gaban coci, sai dai a baya, ɓangaren arewa inda rana ba ta kaiwa. Na ce to, a kai Inna can ita ma. Kafinta ya faɗaɗa akwatin, ni da tsohuwa Yeo muka kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka jera shi a gefenta. Yaya bai zo jana'iza ba, wai zazzaɓi.

Yanzu ina jin mutane na cewa kowane gida da ƙwarangwal a kabad ɗinsa. Wasu sun ce daga likitocin London maganar ta fito. Oho, ni dai ban sani ba, namu kawai na sani.

Kafin in bar gidan nan, na koma ɗakin baƙi ɗaukar kujerar Inna, don ba zan bar masa ita ba. Tana nan inda take, a gaban kabad ɗin da ke buɗe. Kafin in ɗaga ta, na sa hannu na auna daga inda take jingina bayanta zuwa inda yatsun nan uku suke rataye. Bai kai taƙi ɗaya ba.