Ranar da Rafali Ya Mutu a Waya

Rafali yana zaune a ƙofar shagonsa yana hura wa wata ƙwallo iska da famfon keke, sai ga matarsa ta sauko daga babur ɗin haya da kayan asibiti a jikinta, ta tsaya a kansa tana haki.

"Baban yara, ka mutu," ta ce.

"Yaushe?"

"Tun da safe. Ina cikin yi wa wani allura abokiyar aikina ta zo ta rungume ni tana kuka. Ga shi nan a waya."

Rafali ya daɗe yana alƙalancin ƙwallo a filayen unguwa kafin gwiwa ta ce masa ta gaji, ya buɗe wannan shago na riguna da takalman wasa. Sunan aikin ya manne masa, har surukansa da shi suke kiransa. A tsawon shekarun nan babu zagin da bai sha ba. An ce makaho ne, an ce an saye shi, an zagi uwarsa da kakarsa da wanda ya koya masa busa usur.

Ya goge hannu a wando ya karɓi wayar. Hotonsa ne kuwa, cikin baƙar riga, usur a baki, tumbi a gaba, an rubuta a ƙasa cewa tsohon rafali ya riga mu gidan gaskiya. Jama'a sun yi ca a shafinsa na sada zumunta suna ta'aziyya. Ya fara karantawa a tsaye, can ya laluba kujera ya zauna.

Wani ya ce ba a taɓa yin adali irinsa ba. Wani ya ce mutum ne mai haƙuri kamar ƙasa. Mafi tsawon rubutu na wani tsohon gola ne, wanda ya taɓa bin Rafali da dutse har bakin titi saboda fanareti. Golan ya rubuta cewa yau ƙwallo ta zama marainiya.

"Marainiya," in ji Rafali a hankali, idonsa ya ciko. "Ashe yaron nan yana da hankali."

"Shiga shafinka ka ce musu kana raye. Wayata sai ƙara take yi."

"Ni kuwa ba wanda ya kira ni."

"Wa zai kira matacce?"

"Bari su ɗan ƙara, maman yara. Ban taɓa jin irin wannan ba."

Ta fizge wayarta. "Yayarka ta riga ta hau mota daga garinsu. In ta iso ta same ka kana hura ƙwallo, da hannunta za ta ƙarasa ka."

Wannan ya tashe shi. Ya ciro wayarsa, sabuwa ce, don tsohuwar ta faɗa bokitin wanki kwanakin baya, kuma tun lokacin bai leƙa shafin ba. Waya ta nemi kalmar sirri. Rafali ya zuba mata ido. Mutumin da yake iya tuna wanda ya yi keta a wane minti a wasan da aka manta da shi, ya nemi kalma ɗaya tak a kansa ya rasa.

Ya gwada sunansa, ta ƙi. Ya haɗa da shekarar haihuwarsa ta gaskiya, ta ƙi. Ya sa ta takarda, ita ma ta ƙi. Ya sa sunan ƙungiyar da yake so a ɓoye, wadda ya sha rantsuwa ba ruwansa da ita. Matarsa tana leƙe ta bayan kafaɗarsa.

"Au, ashe gaskiyar mutane ce."

"Ba lokacin wannan ba ne."

Ya sa sunan mahaifiyarsa, ya sa na shagon. Daga ƙarshe ya sa sunan matarsa.

"Sai yanzu na zo? Bayan ƙungiya, bayan shago?"

Shi ma sunan bai buɗe ba, kuma ya lura wannan ya fi ɓata mata rai. Waya ta ce ya cika gwaji, ta kulle. Matar ta nuna masa inda ake dannawa in an manta. Aka ce za a tura lambar shiga zuwa layin da ya buɗe shafin da shi. Rafali ya dubi wutsiyar lambar, ya gane ta.

"Tsohon layina ne. Wanda na ba Inna."

Inna surukarsa ce, kuma ta daina yi masa magana tun wani zaman iyali da aka yi kan gyaran rufin gida. A ranar Inna ta hana kowa magana, shi kuma don raha ya zaro katin gargaɗi daga aljihu ya ɗaga mata a gaban jikokinta. Kowa ya yi dariya ban da ita. Tun daga nan in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Suka rufe shago suka nufi gidan ƙanin matar, inda Inna take zaune. A hanya mai gyaran taya ya hango Rafali, ya saki ƙarfen hannunsa ya shige bayan tulin tayoyi. Rafali ya ɗaga masa hannu, bai fito ba.

Sun sami Inna a tsakar gida kan tabarma, rediyo a gefe, idonta jawur. Rafali ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ina wuni, Inna."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta dubi 'yarta. "Wannan fa?"

"Kuskure aka yi, Inna. Bai mutu ba."

"To ni na riga na yi kuka. Na kuma faɗa a gaban maƙwabta cewa na yafe masa." Ta gyara zama. "Tunda yana nan, na janye."

"Inna, wata 'yar lamba za a turo wayarki," in ji Rafali da muryar da bai taɓa yi wa ɗan wasa ba. "Da ita zan shiga in gaya wa mutane."

"Ki gaya wa mijinki a rediyo an ce kada a ba kowa lamba, ko da ɗan cikinka ne. Balle mutumin da ba a gama tabbatar da matsayinsa ba."

Matar ta yi lallashi, ta kawo zancen yayar da ke kan hanya, ta kawo zancen yara da za su taso daga makaranta su ji. Inna ta saurara tana kaɗa ƙafa. Da aka gama ta miƙa hannu, a karon farko ta dubi Rafali ido cikin ido.

"Ina abin nan?"

Ya gane. Katin yana aljihun gaban rigarsa, inda yake kullum, gefensa har ya cinye. Ya zaro ya miƙa da hannu biyu. Inna ta dafa bango ta miƙe, ta sa shi ya tashi tsaye, ta ɗaga katin a saitin hancinsa ta riƙe har sai da hannunta ya gaji.

"Na gaba ja ne," ta ce, ta cusa katin ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai.

Sannan ta kwance bakin zani ta ciro wayar, 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Aka tura lamba, shiru. Aka sake turawa, shiru. Matar ta duba ta ga akwatin saƙo ya cika maƙil, sai an goge wani kafin wani ya shigo. Inna ba ta karatu, amma ta ce kada a taɓa mata ko ɗaya sai an karanta mata ta ji. Haka Rafali ya zauna a rana yana karanta tallan kamfanin waya, tana yanke hukunci. Wanda ya ce mata abokiyar hulɗa mai daraja, ta ce a bar mata shi. Da ƙyar ta sadaukar da wani na hasashen yanayi.

Lamba ta shigo. Aka nemi sabuwar kalmar sirri. Matar ta karɓi wayar ta rubuta da kanta, ta ce in yana so ya sani ya riƙa tambayarta.

Rafali ya yi gyaran murya kamar zai yi jawabi, ya rubuta cewa yana raye, lafiyarsa ƙalau, yana kuma godiya. Ya zauna jiran murna.

Na farko ya rubuta cewa ɓarayin waya ba su da imani, ko kwana bawan Allah bai yi ba sun sace masa shafi. Na biyu ya ja Allah ya isa. Na uku ya gargaɗi jama'a kada su amsa, yanzu za a fara roƙo. Rafali ya ɗauki bidiyon kansa a tsakar gidan, Inna tana bayansa tana kallon gefe. Aka ce na'ura ce ta haɗa, ai ga shi tumbin bai yi daidai ba. Sai can tsohon golan ya rubuta cewa shi ne, ya gane muryar, kuma tunda haka ne yana nan kan bakansa, waccan fanareti fashi ce. Daga nan aka yarda. Kafin la'asar zagi ya dawo yadda aka saba, har da sababbin da bai taɓa ji ba.

Yana cikin duba saƙonnin da suka taru sai ya ga na wani da bai sani ba. Mutumin ya ce shi ƙanin wanda ya rasu ne na gaskiya, wani tsohon rafali a ɗaya gefen gari. Wanda ya fara yaɗa labarin ya nemi hoto bai samu ba, ya ɗauko na farkon rafalin da ya gani. "Ka cinye wa yayana ta'aziyya," in ji saƙon. "Daga mutanen ƙwallo ko mutum ɗaya bai zo ba."

Rafali ya karanta ya sake karantawa. Ya san marigayin sama-sama, wani dogo marar magana da ya taɓa riƙe masa tuta a gefen fili, suka gudu tare lokacin da aka fara jifa. Ya nemi hotonsa wurin ƙanin, ya sa a shafinsa da kwatancen gidan, sannan ya ce wa matarsa ta je ta tari yayarsa a tasha, shi yana da wurin zuwa.

Gidan a ƙarshen wani lungu yake, an jera kujerun roba a ƙofa, yawancinsu babu kowa. Ƙanin, wani mai gyaran firji, ya tarbe shi ba yabo ba fallasa. Rafali ya yi gaisuwa ya zauna. Sai ya ciro waya.

"Akwai kayanku a wurina," ya ce. "Da ma ba nawa ba ne."

Ya shiga karanta musu abin da aka rubuta da safe, yana tsallake sunansa. Adali. Mai haƙuri kamar ƙasa. Wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Matar marigayin tana jin su daga bayan labule. Da ya kai wurin haƙurin sai ta yi magana.

"Wannan ba mijina ba ne. Mijina in shayi ya huce ma faɗa yake yi."

"Ni ma ba ni ba ne," in ji Rafali. "Ina jin wani na uku suke nufi."

Ƙanin ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙwace masa, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa, ba a san inda dariyar ta tsaya kuka ya fara ba. Rafali ya bar shi ya gama.

Kafin rana ta faɗi sai ga mutane sun fara shigowa lungun, tsofaffin 'yan wasa masu ɗingishi, da wani koci da sanda. Kujeru suka cika, aka aika maƙwabta a aro wasu. Kowa ya shigo sai ya ga Rafali ya ɗan ja baya tukuna, sannan ya wuce ya gaida masu gida. Rafali ya tashi ya ba kocin kujerarsa, ya kama taya ƙanin jera sababbin da aka kawo.