Faɗuwar Alhaji Safiyanu a Kasuwar Hunkuyi

Alhaji Safiyanu babban ɗan kasuwar masara ne a Makarfi. Da kaka motocinsa ba sa hutawa, kuma shi ma ba ya hutawa. Ciwon baya ne ya fara kai shi ga shan taramol. Bayan ya warke, ya ga ƙwayar na sa shi wuni a tsaye ba gajiya, sai ya ci gaba, yana ƙara yawanta a ɓoye har shekaru suka ja.

Wata ranar kasuwa a Hunkuyi, ana cikin loda buhuna, ya yanke jiki ya faɗi yana kakkafewa, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin a kai shi gida labari ya riga shi: an yi wa Alhaji sammu. Kuma da yake kwana kaɗan kafin nan an ji shi suna sa-in-sa da ƙanensa Ya'u, mai kula masa da rumbunan ajiya, sai bakin mutane ya tsaya a kan Ya'u. Masu dubiya suka riƙa zuwa da rubutu da turare. Mahaifiyarsu, Inna, ta daina amsa gaisuwar Ya'u. Alhaji yana kwance yana ji, bai ce uffan ba.

Matarsa Hajiya Adama ce kaɗai ta san gaskiya, don ita ke wanke masa kaya, tana tsintar ƙwayoyin a aljihunsa. Da masu dubiya suka watse wata safiya, ta zauna a bakin gado.

"Alhaji, na yi magana da wani likita a Kaduna. Suna da gida na musamman don manyan mutane masu irin wannan matsala. Babu allo a ƙofa, babu wanda zai sani."

"Wace matsala?"

Ta dube shi. Ya juya fuskarsa ga bango. Aka gaya wa 'yan uwa za a je duba bayansa.

Gidan ya fi kama da masaukin baƙi fiye da asibiti. Kowa da ɗakinsa. Kwanakin farko bai san inda kansa yake ba: gumi, amai, ƙasusuwa na ciwo, ga kuka da ke zuwa masa ba dalili. Wata ma'aikaciyar jinya da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba ta share masa amai a ƙasa, ya rufe ido don kada su haɗa ido.

Da ya ɗan samu ƙarfi aka shigar da shi zaman da ake yi kowace hantsi. Akwai manajan banki, akwai lauya, akwai wani likitan tiyata da ya ce shi allura yake yi wa kansa kafin ya shiga aiki. Kowa ya faɗi nasa. Da aka zo kan Alhaji, ya ce shi ciwon baya ne ya kawo shi. Lauyan ya yi murmushi ya ce, "Ni ma da hawan jini na zo." Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya ƙura wa takalminsa ido har aka tashi.

Ana ba su wayoyinsu na ɗan lokaci bayan azahar, saboda an san ayyukansu ba sa tsayawa. Alhaji kan cinye lokacin yana faɗa da direbobi, ya dawo yana neman abin da ya saba haɗiya. Dokta Saminu, mai kula da shi, ya kira shi ofis.

"Ranka ya daɗe, ba za ka warke kana tuƙa kasuwa daga nan ba. Ka zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe maka ita. Amma sai ya san abin da ke damunka, don bayan ka koma ma shi zai riƙa rage maka nauyi. Wa kake da shi?"

Alhaji ya yi lissafi a ransa. Mutum ɗaya ne ya san rumbunan da direbobin da manoman Likoro da suke saye a hannunsu.

Ya'u ya zo ranar Juma'a, ya rame. Ya durƙusa ya gaida yayansa, ya tambayi jiki, ya isar da gaisuwar gida. Suka zauna a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Alhaji ya fara zancen farashin masara, ya koma zancen tayoyin mota, sannan ya dubi ƙanensa.

"Ya'u, babu wanda ya yi min sammu. Ƙwaya nake sha. Ita ta kayar da ni."

Ya'u ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa a hannu.

"Yaya, ka ji abin da ake faɗa a kaina?"

"Na ji."

"Tun kana gida ka ji?"

"Tun ina gida."

Ya'u ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi wa Alhaji ciwo.

"An janye yarana daga wasa da 'yan uwansu. A masallaci mutum ya ja baya daga sahu saboda ni. Kasuwa zan riƙe, Yaya, wannan ba komai ba ne. Mutanen gari kuma su yi ta faɗa. Amma Inna, kai za ka gaya mata da bakinka."

Bayan an sallami Alhaji, ɗakin Inna ya fara shiga. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya faɗa mata komai, yana kallon tabarma. Tsohuwar ta saurara har ya gama. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ka bar ni na juya wa ɗana baya. Tashi ka kira min shi. Kai za ka je, kada ka aiki kowa."

Ya tafi da ƙafa, yana amsa barka da dawowa a hanya.

Alhaji bai iya gaya wa gari ba. Ya dai fara tafiya masallaci tare da Ya'u, kafaɗa da kafaɗa, ya kuma bar masa sayen kaya na Hunkuyi gaba ɗaya. Wasu suka bar zancen, wasu suka ce asirin ne ya ƙara kama shi. Duk wata yana komawa Kaduna wajen zaman hantsi, inda yanzu yake faɗin nasa ba ɓoye. Ya'u ne ke tuƙa shi. Suna hirar masara da ruwan sama a hanya.